Tudun Da Ke Ƙafar Hagu

Ba zan taɓa mantawa da kakar bara ba. Shekara ce mai albarka, hatsi ya yi, wake ya yi, kowa a Dakoro aiki ya sha masa kai, sai ni da ƙuguna ya ƙi. Ciwon a dama yake, can cikin matsematsi. In na tsuguna, ko na daɗe zaune a tabarma, sai in ji kamar an soka mini tsinke. Abin da ya fi ciwon zafi kuwa shi ne bakin Yaya Rabi, yayar maigidana, wadda take faɗa wa duk mai kunne cewa ciwona ba ya tashi sai an fito da turmi.

Da abin ya ishe ni, maigida ya kai ni Maradi aka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi. Lokotoro, wato likita, ya ɗaga hoton, ya nuna wani ɗan tudu a kan ƙashin cinya, daidai inda yake shiga ƙugu, ya ce irinsa yakan sa ƙashi ya riƙa gugar ɗan'uwansa. Ya ci gaba da dogon bayani. Ni kuwa daga jin "tudu" na daina saurare (ku gafarce ni, murna nake yi, na samu shaida).

Na dawo gida da hoton cikin babbar ambulan ta takarda. Kullum in ɗaga shi ga rana in kalla. Ga tudu nan ta wajen hannuna na dama, ciwo kuma a dama, me ya rage? Ni da duk karatuna shekara biyu ne a ajin yaƙi da jahilci, sai na ɗauki kaina rabin lokotoro. Har wata baƙuwa daga Sabon Maci na duba wa tafiya, na ce mata ita ma tana da tudu. Baiwar Allah har da yi mini godiya.

Sai ga bikin ɗan Yaya Rabi. Mata sun cika tsakar gida ana dakan fura, ni ina gefe a zaune. Yaya ta dube ni ta ce a bar amaryar Maradi ta huta, kada taɓarya ta karya ta. Ni ba mai hayaniya ba ce. Hannu kawai na sa cikin mayafi na zaro ambulan (eh, da ita na je biki). Na miƙe, na ɗaga hoton sama, mata suka ajiye taɓare suka kewaye ni, ina nuna tudu da yatsa kamar malamar lakwal a gaban 'yan makaranta.

A nan Hadiza ta matso, babbar 'yar Yaya Rabi, wadda take aikin jinya a Maradi. Ta karɓi hoton a hankali.

"Inna, wace ƙafa ce ke miki ciwo?"

Na ce dama mana.

"To, wannan tudun na hagu ne. Hoton fuskantarki yake yi, kamar mutum a tsaye gabanki. Abin da kike gani ta damarki, hagunsa ne."

Ta nuna ɗaya gefen, na ƙafar da ta hana ni sakat. Sumul yake, kamar an shafe shi da hannu.

Yaya Rabi ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ashe mai lafiyar kika kai Maradi?" Dariyar da aka yi, har mazan da ke ƙofar gida sai da suka aiko a ji me ya faru.

Hadiza ta ja ni ɗaki, ta kwantar da ni, ta naɗe gwiwar dama zuwa ƙirjina ta murɗa ta ciki. Ƙarar da na yi ba ta wasa ba ce, kuma an ji ta a waje. Da muka fito ta gaya wa uwarta cewa ciwon gaskiya ne. Ta ce mutane da yawa suna da tudun nan ba sa jin komai, wasu kuma suna fama hoto bai nuna ba, shi ya sa ba a yanke hukunci da hoto kaɗai sai an taɓa mutum an tambaye shi. Ta ƙara da cewa ta tabbata lokotoro ya faɗa mini haka. (Ya faɗa. Ina tuna bakinsa yana motsi.)

Yaya ba ta ba ni haƙuri ba. Kujera ta turo mini da ƙafa, ta ɗora mini faifan shinkafa ta ce in tsince, tunda dai hannu ba shi da tudu.

Abin da na koya shi ne, in mai ilimi yana magana, a bari ya kai ƙarshe kafin a fara murna. Washegari da safe na ɗingisa zuwa tasha, na tarar da Hadiza kafin motar Maradi ta cika, na ce ta maimaita mini bayanin tun daga farko. Ban buɗe baki ba sai da ta ce ta gama.