Bakin Shisha Daidai Giɓin Sha'aibu

Ku matso in ba ku labarin abin da ya faru a majalisarmu ta bakin tasha ranar Asabar, don ni har yanzu in na tuna sai dariya ta kama ni. Wanda bai san mutanen ba, su biyu ne. Akwai Sha'aibu mai kayan babur, wanda a ƙofar shagonsa muke zama, akwai kuma taubashinsa Tasi'u. Uban Sha'aibu da uwar Tasi'u ciki ɗaya suka fito, don haka tun suna yawo ba wando kowa ke cewa shi ne ubangidan wani. Kun dai san dokar wannan wasa. Taubashi ya ɗauki abinka, in ka ɓata rai kai za a yi wa dariya.

Sha'aibu yana da giɓi, haƙorin sama na gaba guda ɗaya, wanda ya bar wa kwalta tun lokacin da yake acaɓa. Tasi'u kuwa ɗan gayu ne na ƙin ƙarawa, shi ake ɗauka ya riƙe makirfo a wuraren biki, ga haƙora farare tas a jere, in ya yi murmushi mata har guɗa suke yi. Da giɓin nan ya sa Sha'aibu gaba shekara da shekaru. Ƙofar Gari yake kiransa. In Sha'aibu zai yi dariya sai ya ce kowa ya dafe hularsa, an buɗe ƙofa iska za ta taso.

To bara sai Sha'aibu ya bar taba, bayan shekara ashirin yana busawa. Wani surukinsa mai zuwa saro kaya waje ya kawo masa shishar aljihu, irin mai batir ɗin nan. Baƙa ce, ta cika hannu, ga wurin batir a ƙasa, ga ɗan tanki da ake zuba wa ruwa mai ƙamshin mangwaro, ga bakin zuƙa a sama wanda ake cirewa a mayar. Ni dai ba na sha, kuma na gaya masa hayaƙi hayaƙi ne ko da turare aka dama shi, amma ina, mutumin ya kamu da son abar nan. Da hankici yake goge ta. In zai yi alwala sai ya nema mata inuwa ya ajiye.

Matsalar ɗaya ce, Tasi'u. Bawan Allahn nan tunda yake bai taɓa sayen ko karan taba ɗaya ba, amma hancinsa na jin ƙamshin mangwaro tun daga shataletale. Zai iso ko sallama bai gama ba ya miƙa hannu ya ce bawansa ya kawo ya ɗana. Ɗanawar Tasi'u kuwa sai wanda ya gani. Zai ja, ya ja, ya ja, har kumatunsa su lotsa, sannan ya saki hayaƙi mu daina ganin juna. Kafin azahar batir ya mutu, ruwa ya ƙafe, baki ya jiƙe da yawu, shi kuma ya kaɗe riga ya yi gaba. Sai ka ga Sha'aibu zaune baki bushe yana satar kallon kwalin taba a teburin mai tireda. Wallahi tausayi yake ba ni.

Dabara ta farko da ya yi, sai ya riƙa zare batir yana ɓoyewa a aljihu, in Tasi'u ya zo ya ce ai ba caji. Tasi'u bai yi musu ba. Washegari ya zo da batiran rimot, suka yi sirara, suna ta karkaɗawa a ciki. A rana ta biyu ya zo da na rediyo, ya yi ƙiba ya ƙi shiga. A rana ta uku sai ga shi yana tafe yana taƙama, ashe tocilar matarsa mai caji ya kwance ya zaro na ciki. Ya zura, ya zauna ɗas, abar ta kawo wuta. Matar na can gida tana tsine wa masu haɗa tocilar zamani.

Sai Sha'aibu ya koma cire bakin zuƙar yana ɓoyewa. Tasi'u ya shiga kasuwa ya sayo nasa. Na farko ya yi kaɗan, yana sawa yana faɗowa, ya naɗa masa zaren ɗinki, zaren ya jiƙe ya warware. Na biyu ya yi faɗi, ya kankare shi da reza har ya tsage. Da ya gaji, sai kawai ya shiga shagon Sha'aibu, ya zaro sabon tiyon man babur daga cikin leda, ya yanki kamar tsawon yatsa, ya cusa. Ya yi daidai. Ranar Sha'aibu ya yi asarar ruwa, ya yi asarar caji, ya yi asarar tiyo.

Kwana uku Sha'aibu ya yi yana neman dabara. A rana ta huɗu ya kira ni gefe, idonsa na ƙyalli, ya ce ya zauna ya lissafa abin da Allah ya ba shi wanda bai ba Tasi'u ba, ya tarar abu ɗaya ne rak. Sai ya ɗaga leɓe ya nuna mini giɓi.

Ni na raka shi wurin Baba Nomau, wani tsoho a bayan kwata mai sassaƙa ƙotar wuƙa da carbi da ƙahon shanu. Sha'aibu ya tsuguna ya gaishe shi, ya zayyana masa abin da yake so. A yi masa bakin zuƙa na ƙaho, a fitar masa da tudu a sama mai siffar haƙori, daidai faɗin giɓinsa. A can gindi kuma a huda ƙananan ramuka biyu. In mai giɓi ya sa, tudun zai wuce ta giɓin, bakin ya shige ciki sosai, leɓe ya rufe ramukan, hayaƙi ya taho. In mai cikakkun haƙora ne, tudun zai tokare a haƙori, ramukan su tsaya a waje, ya yi ta jan iskar Allah.

Baba Nomau ya sa aka maimaita masa sau biyu. Sannan ya ɗauko kakin zuma ya murza ya ce Sha'aibu ya ciza, ya ɗaga awon yana dubawa a rana, yana girgiza kai.

Ya ce, "Ɗana, shekara arba'in ina sassaƙa, ban taɓa sassaƙa rowa ba sai yau."

Amma fa tsohon ya yi aiki. Bayan kwana biyar muka karɓo, baƙi sumul, yana sheƙi. Sha'aibu ya ɗora shi a kan shishar, ya bi shi da sufa gulu zagaye biyu yadda ko da filaya ba mai cire shi. Muka gwada da Hashimu tela, wanda haƙoransa talatin da biyu ne cif. Hashimu ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ya samu sai fito. Sha'aibu ya karɓa ya sa, tudun ya shige giɓi kamar an haife su tare, ya saki hayaƙi ta hanci. Ranar har lemo ya saya mana, abin da bai taɓa yi ba.

To ranar Asabar ɗin, bayan la'asar, sai ga Tasi'u cikin farar shadda, hula ta sha kari, turare na tashi. Biki zai je ya yi gabatarwa ƙarfe biyar, ya ce bari ya biyo ya ɗan wanke maƙogwaro. Sha'aibu na kishingiɗe a benci ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana busawa a fili ba ɓoyo. Tun kafin a miƙo hannu shi da kansa ya miƙa, har da cewa bismillah ɗan gwaggo.

Tasi'u ya kai baki, muka ji ƙwas a haƙori. Ya ja, sai iska. Ya juya ta ƙasa ta koma sama, iska. Ya karkata kai ya sa ta gefen baki kamar mai tauna rake, iska. Ya yi ƙoƙarin toshe ramukan da yatsu, yatsun suka hana leɓe zama. Ya tura leɓɓa gaba iyakar tsawonsu har ya koma kamar raƙumi, abar nan ta yi ta yi masa fito. Mu kuwa mun gama lalacewa. Hashimu ya kwanta a kan buhun tayoyi yana bugun ƙasa, mai tireda ya bar teburinsa ya zo kallo, ni hawaye nake sharewa da hula.

Daɗi ya kwashi Sha'aibu, kuma nan ne ya yi kuskure. Ya miƙe tsaye ya daki ƙirji.

Ya ce, "Wallahi in ka fitar da hayaƙi daga cikinta, ko kamar na ashana ne, ba ka fasa ba, ba ka ɓalle komai a jikinta ba, na bar maka ita har caja. Ga shaidu."

Muka ce mun shaida.

Tasi'u ya dubi shishar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa titi hagu da dama. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ni na ɗauka kunya ce ta kama shi, ashe shawara yake yi da zuciyarsa. Can sai ya juya mana baya, ya zaro hankici, ya kai yatsu biyu baki. Muka ji wani ɗan ƙal.

Da ya juyo, jama'a, sai ga giɓi. Haƙorin sama na gaba, daidai inda na Sha'aibu yake. Ya ajiye haƙorin roba a kan benci kusa da kofin shayi, a hankali, ya ɗauki shisha ya kai baki. Tudun ya wuce sumul. Ya ja irin jan nan nasa, ya saki hayaƙin da ya rufe shagon gaba ɗaya.

Ba wanda ya iya dariya da farko, bakinmu a sake kawai. Hashimu ne ya fara, da wata ƙara kamar an taka akuya, daga nan majalisa ta watse. Mutumin da ya shekara goma sha yana kiran wani Ƙofar Gari! Da muka matsa wa Tasi'u ya ce shekara tara ke nan, hannun famfon burtsatse ne ya dawo masa a baki, kuma ko matarsa ba ta taɓa ganinsa ba haƙorin ba, sai ta yi barci yake cirewa. Yana magana iska na fita ta giɓin, kowace kalma da ɗan fito a gindinta. Amma ko a jikinsa. Rawa yake yi da shisha a sama, yana cewa bawansa ya kawo caja.

Na dubi Sha'aibu, na ga fara'arsa ta ɗauke gaba ɗaya. Ya yi rantsuwa a gaban mutane, ba zancen janyewa. Ga wahalar zuwa bayan kwata, ga kakin da ya ciza, ga sufa gulu, duk ya tashi a kan ya yi wa Tasi'u aiki. Ya shiga shago, ya ɗauko caja ya miƙa. Ya dawo ya zauna a benci ya yi tagumi, har na fara neman kalmar da zan ba shi haƙuri.

Sai na ga idonsa ya sauka gefen kofin shayi. Ya jawo fulas, ya tsiyaya ruwan zafi a kofi, ya jefa haƙorin ciki, ya jujjuya da cokali. Ya tsamo, ya goge da gefen riga, ya ɗaga leɓe ya danna. Muka sake jin ƙal. Ya miƙa hannu ya ciro madubin babur daga cikin kayan da ya rataya, ya duba ta dama, ya duba ta hagu. Wallahi ya zauna masa fiye da yadda ya zauna wa mai shi. Shekara goma sha biyar rabon da in ga Sha'aibu da cikakken baki, ashe kyakkyawa ne.

Duk wannan Tasi'u bai gani ba, yana can cikin hayaƙinsa. Sai da wayarsa ta yi ƙara, abokan ango na tambaya yana ina, ɗakin taro ya cika, biyar saura minti goma. Ya ce ga shi nan a hanya, ya kai hannu benci, ba haƙori. Ya ɗaga kofi, ya leƙa ƙarƙashin benci, ya tsuguna da farar shaddarsa yana lalube a ƙasa. Da ya ɗago sai ya yi ido huɗu da Sha'aibu, wanda ke yi masa murmushi tun daga wannan kunne har wancan.

Nan take bawa ya koma ɗan kawu. Ya miƙa shisha da caja hannu biyu ya ce ya yafe, a mayar masa da kayansa kawai. Sha'aibu ya ce a'a, shi mutum ne mai cika rantsuwa, abin da ya bayar a gaban shaidu ba ya karɓa. Waya ta sake ƙara. Tasi'u ya rufe baki da tafin hannu, ya matso, ya rage murya.

Ya ce, "Haba ɗan kawu, haƙori ai ba abin aro ba ne. Likita ne ya auna bakina ya yi mini shi, ni kaɗai."

Sha'aibu ya sake duba madubi, ya gyara zaman hula.

Ya ce, "Ita ma wadda ke hannunka ni kaɗai aka auna wa. Ka gaishe mini da ango."