Faifan da Na Kulle Don Ya Saba

A shekarun da kuɗin mai ke ambaliya aka kawo kwamfuta ofishinmu, aka damƙa mini ita don na yi kwas na mako biyu a Kaduna. Wani abokina ya ba ni faifan manhajar buga wasiƙu, ya ce na wata irin kwamfuta ne daban. Na ce kwamfuta ai kwamfuta ce. Har na yi wa Darakta alkawarin zai ga aiki ranar Litinin.

Na saka faifan, ta ƙi shi. Ko gezau ban yi ba, domin ina kiwon tattabaru a Ƙofar Marusa, na san baƙuwa sai an kulle ta kwana uku take sabawa. Na bar shi ciki, na rufe ɗakin.

Ranar Litinin, a gaban kowa, ta sake ƙin shi. Darakta ya ce, "Malam, mi ya hwaru?" Na bayyana masa hikimata dalla-dalla. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka sa mashi gero da ruwa kuwa?"

Na yi ritaya tuni, amma ko a ɗaurin aure na haɗu da tsofaffin abokan aikina, bayan tambayar iyali sai in ji, "To, ya faifai? Ya ƙyanƙyashe?"