Duwatsun Wuta a Ɗaurin Auren Babban Mutum

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a garin Babban Mutum ba, ko da zan kai shekarun kukar bayan gidanmu. Kuma ko ni na manta, mutanen garin ba za su bari ba.

A gidan da na tashi a nan Daura, uba ba ya kama sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. Ni nawa tun yana zanen goyo "yaron nan" nake ce masa, har ya yi gemu, ya sami aikin jinya a can Fatakwal, ya tafi ya bar mini gida fayau kamar an tashi kasuwa. (Gidan cike yake da ƙannensa masu ihun da zai kori aljani, amma ku bar ni da ƙarin gishirina.) In ya bugo waya, hirarmu ba ta wuce haka: "Lafiya?" "Lafiya lau, Baba." "To madalla, ga ƙannenka." Sai in koma gefe ina gyaran rediyon da ba abin da ya same ta, kunnena na wajensu.

Da ya zo babbar Sallah sai ya saka mini wani gem a waya. Wasu 'yan mutane biyu ne ke gudu a fili, sama na yi musu ruwan duwatsun wuta, irin taurarin nan masu wutsiya, kowane dutse ya kai buhun gero. Kafin ya faɗo sai inuwarsa ta bayyana a ƙasa. In ka ga ta yi baƙi a kanka, ka tsere, in ba haka ba ka zama ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Mu biyu za mu riƙa yi, Baba, ko ina Fatakwal, muna jin juna." Na ce, "Ni da furfurata? Allah ya kiyaye." Asabar na zagayowa ni na fara sayen data.

Ba duwatsun ne suka kama ni ba. A cikin gem ɗin nan yaron nan yana yi mini magana. "Baba, hagu! Hagu na ce, ka tafi dama!" Ya yi ta dariya, irin wadda rabona da ita tun yana firamare. Tsakanin dutse da dutse zai gaya mini ruwan can ba ya ɗaukewa, tuwonsu ba ya zama a ciki, yana mafarkin furar gida. Ni kuma in ce, "Duba gabanka," don kada muryata ta tona ni. Hantsin Asabar kaɗai yake da sarari, shi ma ba kullum ba.

To, sai ga auren Nasiru, ɗan ƙanena, kuma ni ne wakilin ango. Na sha babbar riga mai sitati wadda za ta iya tsayuwa da kanta, na yafa hirami a ka, muka cika mota sai Babban Mutum. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan amarya, ƙarƙashin rumfa, gefe ga wata giginya doguwa ta yi 'ya'ya jawur. Aka ce liman yana wani ɗaurin auren, a ɗan jira.

Wayata ta yi motsi. "Baba, kana nan? Yau na samu hutu." Ya yi makonni aiki bai bar shi ba.

Mai hankali zai ce, "Ina wajen biki, sai an jima." Ni kuwa na saƙala ɗan abin ji a kunne, hirami ya rufe shi, na shigar da hannu biyu cikin babbar riga, na leƙa ta wuyanta. Na sunkuyar da kai, baki na motsi a hankali. Har na ji wani dattijo na cewa, "Ka ga bawan Allah, ko nan ma zikiri yake."

Ranar kuwa kamar an yi mana addu'a. Muka wuce fili, muka wuce kogi, muka kai wani tsauni da ba mu taɓa gani ba. Ban san liman ya iso ba. Ban san an yi huɗuba ba. Na dai ji an zungure ni, an kawo abin magana na lasifika daidai bakina don in nemi aure. A daidai lokacin na ga inuwa ta yi baƙi ƙirin a kan ɗan mutumin yaron nan, shi kuma ya tsaya yana ba ni labarin fura.

"Sulaimanu! Ɗana! Kauce, zai faɗo maka a ka!"

Na rantse har Nijar sun ji. Kowa ya ɗaga kai ya kalli giginya, sai wuri ya yamutse. Liman, wanda aka riƙo hannunsa ya zauna, ya tsallake mutum biyu ba sanda. Waliyyin amarya ya kifa farantin goro a kansa. Dabino da alawa suka watse, takalma suka rasa masu su. Ni kaɗai na rage a tabarma, ga waya ta silalo daga riga tana kiɗan nan na an ci mu.

Aka dawo ɗaya bayan ɗaya, ana kakkaɓe riguna. Na ɗauka zancen gem za a yi. Ina! Idi, ɗan gwaggona, taubashina da ba ya raga mini, ya karɓi abin magana ya ce, "Jama'a, ku shaida, yau Alhaji ya tuna sunan ɗansa. Har da 'ɗana'! A ƙara goro, suna muka zo ashe." Baffa Sale, babban gidanmu, bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Kai, ko ubanka bai taɓa kiran sunanka ba har ya koma ga Allah." Da ƙasa na da ƙofa da na shige na ja ƙyaure.

An ɗaura aure dai. Na nemi amarya da wata 'yar murya kamar ta sauro, liman na amsawa yana satar kallon giginya.

Sai da na koma bayan mota na tuna abin jin nan yana kunnena har yanzu. Na ce, "Kana ji?" Ya ce, a hankali, "Na ji komai, Baba." Na fara kame-kame, lasifikar ce, Idi ne, zafin rana ne. Ya katse ni.

"Ashe haka sunana yake a bakinka."

Na ce masa ƙura ce ta shiga idona, duk da bai tambaya ba, kuma ba ya ganina.

Abin da na koya shi ne, kewa kamar tari take, ba ta ɓoyuwa. Gara ka yi abinka a ɗaki tun tana ƙarama, da ta kubce maka a lasifika gaban surukai.