Ranar da na rungumi minjirya a Warra

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan a bakin ruwan Warra ba, ko da kuwa na so.

Bayan na gama karatu a birni na dawo Yelwa, ba ni da aboki ko ɗaya. Gunganci, harshenmu na Gungawa, ba na ji, jirgin ruwa ban iya tuƙawa ba. Abin da na iya shi ne wani wasan kwamfuta na gina dauloli. Wata rana masu wasan suka ce za su ƙara sababbin ƙabilu, kowa ya kawo shawara. Na ga kowa da nasa, mu ne babu. Abin ya yi mini ciwo.

Sai na zauna na tsara Gungawa: jiragensu sun fi na kowa gudu, abincinsu ba ya ƙarewa muddin akwai ruwa. (Duk daga ɗaki na san wannan.) Saura hoto.

Da sassafe na tafi Warra, na tarar da Kawu, ƙanen Inna, yana sauke kamun kifi tare da abokansa. Na yi musu dogon bayani cewa zan sa duniya ta san mu. Kawu ya ce, "To, Allah shi taimaka."

Na hango wani kifi mai ƙiba, sumul, yana motsi a gindin jirgi. Na miƙa wa wani dattijo wayata ya ɗauke ni hoto, na cafke kifin da hannu biyu ina murmushi.

Minjirya ce. Kifin nan mai lantarki, wanda ba wanda ya tashi a bakin ruwa da zai taɓa shi.

Na kurma ihu ina kiran Inna, na faɗa ruwa da takalmina. Suka yi dariya har da riƙe ciki, suna zolaya da Gunganci. Wallahi ba zafin ne ya dame ni ba. A kaina ake dariya, amma ko kalma ɗaya ban tsinta ba, balle in taya su.

Kawu ya jawo ni, ya ce a hankali, "Ɗana, kai ne za ka gaya ma duniya ko mu su wane ne?"

Ban aika shawarar ba. Na gane kafin mutum ya kai danginsa duniya, gara ya fara kai kansa wurinsu. Yanzu duk Asabar ina jirgin Kawu. Har yau ƙwaryar kwashe ruwa kawai yake bari in taɓa.