Ranar da na haska wa ɓeraye

Ko zan manta sunan kakana, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama ma'aikacin laboratuwar, wato ɗakin bincike, ba.

Wasu masu bincike ne daga jami'a sunka kama haya bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro, wai suna auna idon ɓeraye. E, ɓeran da kuka sani, mai cinye mana hatsi cikin rumbu. Ni da kakata ta mutu ba wanda ya taɓa leƙa idonta, ga ɓera yana da likitoci har rukuni-rukuni. Na'urar auna idon ɗaya ce tak, ɗakin ma ɗaya, sai kowane rukuni ya jira layinshi kamar mata a bakin rijiya.

Kawuna Elhaji Sani, mai gidan hayar, shi ya roƙa mani aiki. Shef ɗinsu, wato shugaban masu binciken, ya ce gwaji ne, in na yi hankali in zauna. Anka ba ni farar riga. Wallahi kafin la'asar labari ya kai Kornaka cewa na zama dokta (ni na kai shi, ta salula). A fada, majalisarmu ta hira, Idi mai shayi ya fara zuba mani kofin farko.

An yi mani bayanin aikin, ban musu ba. Sai dai lokacin ina neman inda hasken hoto ya fi kyau da rigar.

Abin da ban ji ba shi ne, kafin a auna idon ɓera sai an aje shi cikin duhu tun jiya, ko ƙyallin ashana kar ya gani. Washegari kuma layin Madam Hadiza ne, wata ɗaliba da ta daɗe tana jira har ta fara ramewa.

Da hantsi na zo wucewa, na leƙa ta gefen labule. Duhu ƙirin, sai wani ɗan ampul ja na lantarki yana numfashi da ƙyar, su Madam sun duƙa suna lalube. To kai ɗan Dakoro, in ka ga ampul ya yi ja, mi ke nan? Kuran, wato wutar lantarki, ya yi rauni! Tausayi ya kama ni. Na ce ji bayin Allah, karatu har Faransa amma ba dabara.

Na zagaya waje. Baƙaƙen tsummokaran da anka toshe taga da su na fizge, na banke ƙyauren da ƙarfin da ban taɓa sa wa noma ba. Ranar Dakoro, wadda ke dafa ƙwai bisa kan mai sanƙo, ta afka ɗakin gaba ɗayanta. Na zura kai ina murmushi.

"Madam, ku bar wahala! Ga na Allah, kyauta!"

Ɓerayen sunka zuba mani ido (aƙalla na tabbatar masu suna gani, ba sai da na'ura ba). Madam Hadiza ta zauna ƙasa, ta ɗora hannu bisa kai.

"Malam, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Madam. Ni dai ba a sa ni aiki, da kaina nike gani."

Wani dogon na rukunin da ke bi mata ya duba ni, ya ce, "Mun gode, dokta. Layi ya dawo gare mu." Ita kuwa sai bayan kowa ya gama.

Shef bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Hannu kawai ya miƙo, na tuɓe rigar gaban kowa, ga singiletina mai ɓula a ciki. Kawu ya zo ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa, "Yaron kirki ne, kan ne babu kowa ciki." Ina tsaye ina gyaɗa kai, don shi ne kaɗai ke kare ni.

Ba a kore ni ba. Madam da kanta ta ce a ba ni kujera bakin tagar nan, daga waje, in hana duk wani mai taimako matsowa. Yanzu nan nike wuni cikin rana, ɓeraye na ciki suna shan inuwa. A fada sunana Mai Gadin Duhu, kofina ya koma na uku.

Ni dai abin da na koya: in ka tarar da masu ilimi zaune cikin duhu, ka yi sallama ka wuce. Da gangan ne.