Abokin Gosulo

Kafin Sani ɗan ƙanena ya dawo daga cin rani a Legas, ni ake tambaya komai a fadarmu ta shayi, don na yi lakwal, wato boko, na ɗan iya Faransanci. Da ya dawo, farko ya gaje mini wurin zama, sannan ya kwashe masu saurarena. Yana zuba Ingilishi ana gyaɗa kai, ni kuwa kishi na cin raina.

Ran nan ya ce, "Wallahi gosulo ya riƙe mu a kan gada tun hantsi har la'asar."

Na gyara hula, na yi gyaran murya. "Ai na san Gosulo. Mugun jandarma ne. Da ka ambaci sunana, da ya sake ku."

Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, gosulo fa cunkoson motoci ne."

Alhaji Idi maƙwabcina ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Har yau, ranar kasuwar Matameye, da zarar amalanke ta toshe hanya sai wani ya ɗaga murya: "Malam, yi wa abokinka magana mana, sauri muke!"