Yadda Janar Ya Gyara Bindigar Ubansa

Duk faɗin jihar Ohayo ta Amurka, in ana maganar karbin, to kowa ya kama bakinsa sai Marvin Kessler ya iso. Karbin dai ita ce gajeriyar bindigar nan mai ɗura kanta, wadda iyayenmu suka rataya a Yaƙin Duniya na Biyu. Mu 'yan ƙungiyar masu tara irin wannan bindiga, Janar muke ce masa, shi kuwa bai taɓa cewa a daina ba. Gaskiya ne bai shiga soja ba, likita ya ce tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake. Amma ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da kafet a babban titi bai taɓa ja da baya ba, kuma a garinmu wannan ma jarumta ce.

Kada ku ce hassada nake yi, gwano ne kawai ba ya jin warin jikinsa. Mu da muke kewaye da shi, wa aka taɓa harba wa ko da dutsen danƙo? Ni inshorar mota na sayar har na yi ritaya. Abokina Gus likitan haƙori ne. Muna taruwa a ɗakin ƙasa na coci, ga kofi ga donot, cincin ɗin nan mai laushi mai huji a tsakiya, tsofaffi tumbi-tumbi, mu sa farar safar hannu mu ɗauki bindigar da ta kwana cikin taɓo a Faransa muna lallaɓa ta kamar jaririya. Harbi? Allah ya kiyaye, harbi yana rage mata daraja.

Aikinmu leƙen tambari ne. Masana'antu da yawa suka ƙera karbin lokacin yaƙi, har da masu yin tafireta, kowacce kuma ta buga ɗan tambarinta a kan kowane ƙarfe. A fagen fama in wani abu ya karye, soja ya ciro na wata ya sa, ina ruwansa da tambari, shi da yake ta ransa. Mu kuwa da muke da ƙoshi da lokaci, irin wannan bindigar gauraye muke ce mata, muna yatsina fuska. Tsarkakakkiya ita ce wadda kowane sukuru nata ya fito daga gida ɗaya.

To, Janar ya gaji karbin ta ubansa, marigayi Elmer. Ranar da ya fara kawo ta muka rufu a kanta da gilashin ƙara girma. Bututun daga nan, kunamar daga can, maratayin ma tsohon bel ɗin wando ne. A jikin ƙotar kuma an karce katakon da wuƙa, an rubuta OPAL, sunan uwar Janar.

Gus ya cire gilashinsa ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ai haɗin gambiza ne. Ko ni da nake cike haƙori ban taɓa ganin baki mai faci haka ba.”

Janar ya miƙe, ya ja wandonsa sama, ya yi gyaran murya. “'Yan'uwa, ubana ya yi nasa yaƙin, ya bar mini nawa. Ba zan huta ba sai na mayar da wannan bindiga yadda ta fito daga hannun maƙeranta. Tarihi amana ne.”

Muka tafa. Wallahi har da ni, da donot a baki.

Daga nan Janar ya ɗaura ɗamarar yaƙi. Babu kasuwar bindigogin da motarsa ba ta sani ba. Ya taɓa keta dusar ƙanƙara har jiha ta uku saboda sukuru ɗaya, ya dawo yana ba mu labari sai ka ce shi kaɗai ya ci Balin, babban birnin Jamus. Ya canja bututu, ya canja kunama, ya canja abin saiti. Bel ɗin wandon nan shi ya fara tafiya kwandon shara. Duk ƙarfen da ya cire mu muke wawashewa, muna yi masa kirari muna cika aljihu.

Ana haka, tsohuwa Opal tana gidan kula da tsofaffi, ta haura tamanin, ido ya soma tafiya. Duk Lahadi in ya je gaishe ta maganarta ɗaya ce. “Marvin, kawo mini bindigar ubanka in shafa ta ko sau ɗaya kafin in bi shi.”

“Mama, a ƙara haƙuri, ba ta kammala ba. Ba zan kawo miki aiki rabi da rabi ba.”

Shi da kansa yake ba mu wannan labari, yana jinjina wa kansa irin tsayuwarsa a kan gaskiya. Mu ma muna gyaɗa kai. Babu wanda ya ce masa tsohuwa ba ta jiran sukuru.

Ƙotar ce ta rage ƙarshe. Ya ɗan yi jinkiri a kanta, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Amma katakon ba na masana'antar ba ne, ga kuma karcen wuƙa, wanda a ƙa'idarmu lahani ne. Wata rana ya shigo da sabuwar ƙota sumul, tambarinta raɗau. Tsohuwar ya yi musaya da wani mai babbar hula daga jihar Tekzas, wanda bai ko tambayi sunansa ba.

“Ubana jarumi ne,” in ji Janar, “amma bai san darajar kaya ba.”

Ranar babban baje koli na shekara, ya sa kwat da ɗamarar wuya, ya turo uwarsa a keken marasa lafiya har gaban zaure don ta ga ranarsa. Alƙalai uku suka warware bindigar a kan farin ƙyalle, suka leƙa, suka shinshina, suka rasa abin kushe. Ko ɗigon gauraye babu. Aka liƙa masa shuɗin ƙyallen wanda ya zo na ɗaya a ƙirji. Ya karɓi lasifika.

“Jama'a, wannan nasara ba tawa ba ce ni kaɗai, ko da yake ni na sha wahalarta. Yau ubana zai yi barci da daɗi a kabarinsa. Mama, ga amanarki, na cika alkawari.”

Sai ya zaro farar safar hannu daga aljihu ya miƙa mata.

Tsohuwa ta laluba ta ji ko mene ne, ta yar a ƙasa. “Hannun da ya yi jinyar ubanka har ya cika, shi za ka sa wa safa? Miƙo nan.”

Zaure ya ja numfashi. Hannu tsirara a kan tsarkakakkiyar karbin! Wani daga baya har salati irin namu ya yi.

Ta ɗora ta a cinya. Ba ta nemi tambari ba. Yatsunta suka zarce kai tsaye zuwa gefen ƙotar, kamar mai neman makunnin fitila a ɗakinta. Tana shafawa tana murmushi tana cewa, “A cikin ramin yaƙi ya rubuta, da wuƙar buɗe gwangwani. Ya ce sanyi ya sa hannunsa rawa, shi ya sa harafin ƙarshe ya karkace.” Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Ta juya bindigar ta sake lalubawa. Murmushin ya tafi.

Gus ya daina tauna. Tausayi ya kama ni har wuya, amma Allah ya shirye mu, rabin idona yana kan shatin yatsun da take bari a jikin ƙarfen. Garin neman gira mun taru mun tsole ido, kuma har a lokacin girar nake dubawa.

“Mama, ita ce,” in ji Janar, muryarsa ta sirance. “Gyara ta na yi. Kin ga tambarin nan, ya dace da na bututun, ya kuma dace da na...”

Ta kamo hannunsa ta ɗan bubbuga. “Kai dai tun kana yaro, in an aike ka gishiri sukari kake kawowa.” Ta ɗaga bindigar da hannu biyu ta miƙa masa a hankali. “Tana da kyau, ɗan nan. Maza ka mayar wa mai ita, kada ya ga mun riƙe masa kaya. Ranar Lahadi ka kawo mini ta ubanka.”